Yatsa Biyu Ya Nuna Mini

Shekarun baya, lokacin ƙasar nan tamu ana ce mata Dahomey, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aikina lodin doya a bakin Gar, wato tashar jirgin ƙasa ta Paraku. Ni da abokina asalinmu Jugu ne, unguwarmu ɗaya. Kakanninmu fataken goro ne, amma kafin abin ya zo kanmu ayarin jakai ya ƙare, sai kamiyo, wato babbar motar kaya, da jirgin ƙasa. Tare muka taho Paraku neman na kanmu, muka kama ɗaki ɗaya, tabarma biyu, buta ɗaya.

Wanda bai taɓa lodin doya ba sai ya ɗauka ƙarfi ne kawai. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ƙasa yana jefawa, ɗaya yana saman kamiyo yana cafewa yana jerawa. Doya ba ta son rauni. In ta bugu, kafin ta isa Kwatano ta fara ruɓewa daga wurin, ta kuma shafa wa na kusa da ita. Don haka mai cafewa ba tare ta yake yi ba, raka ta yake yi da hannu har ta kwanta, kamar mai karɓar jariri daga hannun ungozoma. Ni ne mai jifa, abokina ne mai cafewa. Manoman Kolokonde in sun kawo kaya, mu suke tambaya.

Gaskiya a lokacin ni na ɗauka ni ne aikin. Masu wucewa ni suke kallo, ni ke da dantse, ni ke waƙa ina jifa. Ga shi kuma na fi shi karatu. Na yi nisa a makarantar allo, ina rubuta ajami mai kyau, shi kuwa ya gudu tun da wuri, ni nake koya masa haɗa baƙi in mun taso aiki. Shi ya sa yake ce mini Malam, rabi girmamawa, rabi tsokana.

Wata rana muna cikin lodi sai ga wani mutum ya jingine kekensa ya tsaya kallonmu. Baƙar fata ne ɗan Amirka, cikin waɗanda ake turowa aikin haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Mutanen Gar suna ce masa Baƙin Bature. Ya tsaya har muka gama kamiyon nan, sannan ya ce da mu, da Faransancinsa mai ɗingishi, mu same shi ran Lahadi a filin da ke bayan tasha.

A nan na fara ganin wasan da suke kira besbol. Ƙwallon ƙarama ce, ba ta fi lemo girma ba, amma taurinta kamar dutse. Mutum ɗaya yana jefa ta, wani yana tsaye da kulki yana neman ya make ta, in ya samu ya ruga a guje. Bayan mai kulkin kuma akwai wani a tsugune, da safar fata mai faɗi a hannun hagu, shi ne zai cafe duk wadda mai kulki ya kuskure. Baƙin Bature ya tara samari wajen ashirin, 'yan dako da yaran mahauta da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, biyu ko uku. Ni ya ba ni jifa. Abokina ya ɗaura masa matashi a ƙirji, ya kifa masa wani takunkumin ƙarfe a fuska, ya ce ya tsuguna.

Dariya ta kusa kayar da ni. Na ce, "Kai mutumina, wa ka ciza aka sa maka takunkumi?"

Ya ce, "Jefo dai, Malam. Surutu ba ya cika kamiyo."

Daga ranar mutanen Gar suka raɗa masa Sarkin Tsuguno. Ni na fi kowa kiran sunan.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku gane, don a kansa labarin yake. Mai jifa ba ya jefa abin da ya ga dama. Mai cafewa ne ke zaɓa, don shi ne yake kusa da mai kulki, yana ganin tsayuwarsa da inda yake da rauni. Sai ya sa hannun dama tsakanin cinyoyinsa, inda mai kulki ba zai gani ba, ya nuna yatsa. Yatsa ɗaya, jefo ta miƙe da ƙarfi. Yatsa biyu, jefo mai lanƙwasa, wadda ke tahowa a hankali sannan ta faɗi ƙasa gab da isowa. In ya nuna, sai ya shirya jikinsa ga abin da ya nema. Baƙin Bature ya sha gaya mana cewa wannan amana ce, don mutumin da ke tsugune ya ba ka fuskarsa da yatsunsa. Ni kuwa abin yana ɗan sosa mini rai. Ni da na koya masa baƙi, yau shi ke ba ni umarni da yatsa?

Mun fi shekara muna wannan wasa duk Lahadi. Hannuna ya yi suna. Mutane suna tasowa daga kasuwar Arzeke su zo kallo, in na jefa ƙwallo ta faɗa safar abokina da ƙara, sai a ɗau shewa. Ba wanda ke yi wa mai tsuguno shewa.

Sai ga kawun Baƙin Bature ya zo masa ziyara daga ƙasarsu. Tsoho ne mai furfura, yana tafiya ƙafafu a buɗe. Aka ce ya yi wasan nan da ƙuruciyarsa, yanzu kuma yana da hannu a wani ƙaramin kulob da ke biyan 'yan wasa albashi. Labari ya bazu a Gar cewa zai tafi da mutum ɗaya. Mutum ɗaya tak. Jama'a, ban ko yi shakka ba. Har na je Arzeke na taya yadin da zan ɗinka na tafiya. Na kuma fara tausaya wa abokina, ina tunanin irin tsarabar da zan riƙa aiko masa.

Lahadin farko tsohon ya kalle ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya wuce wajen abokina. Ya kama hannuwansa yana juyawa, ya taɓa gwiwoyinsa, ya sa shi ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe. Da aka tashi na tambayi Baƙin Bature abin da kawunsa ya ce. Shi mutum ne marar ɓoye-ɓoye, ya ce, "Ya ce masu jifa suna da su da yawa a can. Mai cafewa irin wannan ne ke wuyar samu. Amma bai yanke ba tukuna, sai Lahadi mai zuwa."

Wannan makon ban san yadda na yi shi ba. Ina jefa doya, ina kallon abokina a saman kamiyo yana karɓa yana murmushi, sai in kau da kai. Yadda yake tauna ma haushi yake ba ni. Ran Alhamis ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Tun safe ba ka yi waƙa ba." Na ce haƙori ke damuna. Ya je ya sayo mini kanumfari. Na karɓa na yi godiya, na kuma ƙara jin haushinsa.

Ran Lahadi bayan azahar fili ya cika. Tsohon ya zo ya tsaya a bayana, ya harɗe hannuwa. Na yi jifa mai kyau a farko, abokina kuma bai yar da ko ɗaya ba. Duk wadda ya cafe, sai in ji tsohon ya yi wani ɗan gurnani na jin daɗi, na kuma san ba don ni yake yi ba. Sai wani ƙaton yaron mahauta ya zo da kulki, akwai kuma wani nasu da ya riga ya samu gudu yana jiran ya ƙarasa. Abokina ya sa hannu tsakanin cinyoyinsa. Yatsa biyu ya nuna mini. Na gani sarai. Na gyaɗa masa kai.

Sannan na jefa ta miƙe, da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni, saitin kafaɗarsa ta dama.

Abin da na nufa shi ne ta wuce shi, ya bi ta a guje da takunkuminsa, jama'a su yi dariya, tsohon ya ga Sarkin Tsuguno ba kowa ba ne. Shi kuwa ya riga ya sunkuya yana jiran wadda za ta faɗi ƙasa. Safar ba za ta iya isa ba. Sai ya ɗaga hannun dama, wanda ba komai a kansa, ya tare ta. Ƙarar da na ji ba irin ta safa ba ce. Ƙwallon ta faɗi gabansa, ya dafe ta da gwiwa, ya ɗauke ta da hannun nan da ya bugu, ya jefa wa namu, aka fitar da mai gudun. Sai bayan nan ya zauna a ƙasa ya cire takunkumin. Yatsansa manuni ya karkace, yana kallon wani wuri daban.

Na rugo. Na ce, "Subhanallahi! Ta suɓuce mini ne, wallahi gumi ne a hannuna."

Ya dube ni, fuskarsa duk zufa. Ya ce, "Ba komai, Malam. Gumi ne."

Abin da na manta, don hassada tana rage wa mutum wayo, shi ne tsohon yana tsaye a bayana. Yatsun da na gani, shi ma ya gan su. Washegari Baƙin Bature ya same ni a Gar, ya ja ni gefe. Ya ce kawunsa ya zaɓi abokina, kuma da farko ya so ya yi ƙoƙari ya nemi gurbi biyu, don hannuna ya burge shi. Amma tsohon ya ce mai jifan da ke yaudarar mai cafe masa, ba wanda zai yarda ya tsuguna a gabansa. Ya hau kekensa ya tafi. Ban gaya wa kowa wannan magana ba sai bayan shekaru masu yawa.

Ni na raka abokina Jugu wajen mai ɗori, ni na riƙe shi aka ja yatsan. Ya warke, amma a karkace. Bayan wata uku takardunsa na tafiya Amirka suka fito, ni na ɗaukar masa akwati har cikin tarago. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, Inna na hannunka. In na rubuto, kai za ka karanta mata." Na ce in sha Allahu. Jirgi ya ja, na tsaya ina ɗaga hannu kamar mutumin kirki.

Lodin doya bai ƙara yi mini daɗi ba. Duk wanda aka haɗa ni da shi sai ya raunata kaya, manoman Kolokonde suka koma wajen wasu. Na tattara na koma Jugu, na zauna rumfar goron kawuna. Can wasiƙun suka riƙa iske ni, adireshi da boko, ciki da ajamin da ni na koya masa.

Duk wasiƙar da ta zo, sai in tafi gidan mahaifiyarsa. Takan shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, maƙwabta su taru. Ina karantawa suna salati. Ya ga ƙanƙara tana zuba daga sama. Suna tafiya gari gari a babbar mota, yau wasa a nan, gobe a can. An ba shi riga mai lamba a baya. Masu jifa suna rigima a kan wanda zai cafe wa, don sun ce hannunsa na sa jifar mutum ta yi kyau. Inna takan ce, "Ɗan nan, maimaita mini wurin nan." In maimaita. Ta ce, "Kai, Allah Ya yi muku albarka, kai da ɗan'uwanka." In ce amin, harshena kamar na tauna maɗaci. Da hotonsa ya zo, a tsugune da takunkumi, sai da ya zaga unguwa gida gida. Tsugunon da na yi wa dariya, shi mata ke sa hannu biyu su karɓa.

Ba kullum labarin ke da daɗi ba. Wasan yana da hawa hawa, shi kuma bai taɓa kaiwa na ƙoli ba. Wata shekara a ɗaga shi zuwa kulob mafi girma, wata shekara a mayar da shi baya. In sanyi ya shigo an daina wasa, sai ya koma dako a wani sito. Wani lokaci ma ba ya shiga fili, aikinsa kawai ya cafe wa masu jifa in suna ɗumama hannu. Irin waɗannan wasiƙu nakan karanta su da murya mai tausayi, in yi wa Inna nasiha a kan haƙuri. In koma gida da sauƙin ƙafa.

Mahaifiyata ce ta gano ni. Wata rana na dawo daga karanta wasiƙar da aka mayar da shi baya, na cinye malmalar sakwara biyu, na nemi ƙari. Ta zuba mini, ta zauna tana kallona.

Ta ce, "Wai ni kam, cikinka wasiƙa yake bi?"

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Ran da aka ce an ƙara masa girma, ka ce zazzaɓi kake ji, ko koko ba ka sha ba. Yau an ce an rage shi, ka kusa cinye mini turmi. Ni na haife ka. Me yaron nan ya yi maka?"

Na ce bai yi mini komai ba.

Ta ce, "To ai shi ne abin tsoron." Ta kwashe kwanukanta ta shige ɗaki.

Ku duba fa, ni mai karatu ne. Safe da yamma ina neman tsari daga sharrin mai hassada. Ban taɓa kawowa a raina cewa ni ne wanda ake neman tsarin da shi ba, sai ranar. Na yi istigfari, na yi niyyar in rubuta masa gaskiya. Na fere alƙalami, na dama tawada, na rubuta gaisuwa shafi guda, na ba shi labarin damina da farashin goro, na rufe. Haka na yi ta yi shekara da shekaru.

Ya yi shekara goma da ɗoriya a can. Gwiwoyinsa ne suka dawo da shi. Ya iso Jugu da akwati biyu da sanda, yana tafiya ƙafafu a buɗe kamar tsohon nan. Ya gyara wa Innarsa gida, ya buɗe ɗan shagon kayan keke. Ba wata dukiya ya tara ba, amma ya ga duniya, kuma duk inda ya zauna sai a kewaye shi. Muka rungumi juna, ya ce, "Malam, ka yi tumbi." Na ce, "Kai kuma ka tsufa." Muka yi dariya. Ba wanda ya ta da zancen.

Bayan kamar mako biyu muka haɗu a sahu ɗaya a sallar la'asar, ina hagunsa. Ba ya iya naɗe ƙafa, sai ya zauna ya miƙe ta dama gaba. Da muka zo zaman tahiya, kowa ya ɗaga manuninsa yana motsawa, sai idona ya faɗa kan nasa. Na kowa yana kallon alƙibla. Nasa a karkace yake, ni yake nunawa. Yana motsi a hankali, yana nuna ni, har liman ya yi sallama. Allah Ya yafe mini, ban san abin da na karanta a zaman nan ba.

Da aka watse na riƙe masa sanda, muka zauna a dakalin masallaci.

Na ce, "Mutumina, ranar nan a bayan Gar. Ba gumi ba ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Yatsa biyu ka nuna mini. Na gani."

Ya ce, "Malam, shekara nawa ina cafe maka doya? Tun kafin abu ya bar hannunka na san inda za shi. Na ga yadda ka riƙe ta. Da ban gani ba, da a wuya za ta same ni, ba a yatsa ba."

Na ce, "To me ya sa ka ce gumi ne?"

Ya ce, "Kai ka ce gumi ne. Ni kuwa in na ce ba shi ba ne, wa zai karanta wa Inna wasiƙa?" Ya yi dariya, ni ban iya ba.

Na ce masa ya yafe mini don Allah. Ya juya yatsan yana dubawa kamar kayan wani. Ya ce, "Wannan ai na yafe shi tun a wajen mai ɗori, lokacin da ka riƙe ni aka ja shi. A can ma an karya mini wasu biyu, ba wanda ya zo neman gafara. Ni abin da nake jira daban ne." Na ce mene ne. Ya ce, "Kai ne ba ka yafe mini ba. Na tafi, ka zauna. Duk wasiƙarka ina dubawa ko za ka tambaye ni yadda wasan yake, ko sau ɗaya. Sai farashin goro."

Can na ce, "To yaya wasan yake?"

Ya gyara zama, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya fara. Har aka kira magariba bai kai rabi ba.

Yau dukkanmu mun tsufa. Iyayenmu mata sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na yi tsammanin in an nemi gafara aka samu, hassada za ta tattara ta tafi. Abin da na gani shi ne ba ta tafiya, sai dai ta rage ƙarfi, kai kuma ka san fuskarta. Har yanzu in muna zaune ƙofar shagonsa, baƙo ya zo, aka ce masa wannan dattijon ya yi wasa a Amirka, nakan ji ɗan tsinken hassada ya soke ni. Bakina yakan yi ƙaiƙayi in ce ai ni ne mai jifar, an so a tafi da mu biyu. Sai in tuna dalilin da ya sa aka tafi da ɗaya, in ja carbina.

Shi kuma yana gane lokacin. Ba ya ko juyowa, sai ya ce, "Malam, yi istigfarinka a hankali, muna da baƙo."